Shin Ko Kun San? Makarantar Zanen Gini ta Zariya

Shin ko kun san cewa makarantar da ta fara koyar da zanen gine-gine a Najeriya ba a Zariya aka yanke mata cibi ba? A Ibadan aka buɗe ta a 1952, ƙarƙashin Kwalejin Fasaha da Kimiyya ta Najeriya. A 1955 aka kwaso ta zuwa Zariya, ita da sashen zane-zane, sannan Jami'ar Ahmadu Bello ta gaje su a 1962. Shi kuwa mai sunan jami'ar, nan Katsina ya yi karatu, cikin ginin ƙasar nan na tsohuwar Kwalejin Katsina da har yau yake tsaye.

Shin ko kun san cewa ɗalibai ne suka fito da sunan makarantar, ba malamai ba? Yawancin malaman Turawa ne, darasin ma na Ingila. A 1958 wasu samari 'yan sashen zane-zane, cikinsu da Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, suka kafa ƙungiyarsu, suka ce za su karɓi dabarar Bature amma su zuba mata abin gida. Okeke ya koma wa uli, zanen da matan Ibo ke yi a jiki da bango. Onobrakpeya ya shiga tatsuniyoyin Urhobo. Daga baya aka laƙaba musu 'yan tawayen Zariya, kodayake tawayen nasu bai wuce fenti da alƙalami ba. Ƙungiyar ta watse a 1961.

Abin mamakin shi ne Nwoko. Zanen hoto ya karanta, bai da takardar shaidar zanen gini, amma shi aka bai wa lambar yabo ta Zakin Zinariya a baje kolin gine-gine na Venice a 2023, saboda gine-ginensa na jar ƙasa masu shan iska, irin wanda ya yi wa limaman Katolika 'yan ɗarikar Dominika a Ibadan. Maginan garinmu ba za su ga baƙon abu a nan ba: katanga mai kauri ta tubali, rufin azara, shafen makuba don ruwan damina, ɗaki ya yi sanyi ko da bazara.

Shin ko kun san cewa akwai kwafin wani sashe na Gidan Korau, fadar Sarkin Katsina, a Jos? Yana gidan tarihin gine-ginen gargajiya, wanda aka gina bisa awon Dmochowski, wani masanin gini ɗan ƙasar Folan. Kusa da shi akwai kwafin masallacin Juma'ar Zariya, aikin Babban Gwani Muhammadu Durugu.