Daga Kano zuwa Briqueterie: wane aji yaron zai shiga?

A farkon watan Satumba, ana gab da komawa makaranta, wani tela maƙwabcina a unguwar Briqueterie da ke Yawunde ya same ni bayan La'asar da takardu a hannu. Ɗan ƙanwarsa ne ya zo daga Kano zai zauna a wurinsa, yaro ɗan shekara 15 da ya gama aji uku na ƙaramar sakandare. Ya ce, "Malam, wane aji za mu sa shi a nan?" Tambayar da iyaye da yawa ke yi ke nan, domin mu mutane ne masu dangi a ƙasashe uku ko huɗu, kuma kowace ƙasa da irin makarantarta.

Inda rabuwar ta samo asali

Jamus ce ta fara mulkin Kamaru a 1884. A yaƙin duniya na ɗaya, Ingila da Faransa suka kori Jamusawa a 1916, suka raba ƙasar, kowacce ta kafa makarantu irin na gidanta. Ɓangaren Faransa ya sami 'yanci ranar 1 ga Janairun 1960. A ƙuri'ar raba gardama ta Fabrairun 1961, arewacin yankin da Ingila ke riƙe da shi ya zaɓi Najeriya, kudancin kuma ya zaɓi Kamaru. Shi ya sa yau yaron Mubi ke karatu da Ingilishi, na Garwa da Faransanci. Haka abin yake tsakanin Katsina da Maraɗi, garuruwan da tazararsu ba ta kai kilomita 100 ba, kuma har gobe Sarkin Katsina ake kiran sarkin Maraɗi.

Ita Kamaru, iyakar tana cikin gida. Dokar ilimi ta 14 ga Afrilun 1998 ta amince da tsari biyu, na Faransanci da na Ingilishi, kowanne da jarrabawarsa da takardunsa. Batun ba ƙarami ba ne: yajin aikin malaman yankunan Ingilishi a ƙarshen 2016 yana cikin abubuwan da suka haifar da rikicin da ya rufe makarantu da yawa a can.

Yadda azuzuwan suke

A tsarin Faransanci na Kamaru, firamare shekara shida ce, daga SIL zuwa CM2, sai jarrabawar CEP. Sakandare kuma ƙirgarta baya-baya take tafiya, abin da ke rikita iyayen da suka saba da Najeriya: ana farawa daga sixième, a gangaro zuwa troisième a yi BEPC. Daga nan seconde, sai première inda ake yin Probatoire, sai terminale da Baccalauréat. Wanda bai ci Probatoire ba, ba zai shiga ajin ƙarshe ba. Nijar ma haka take, sai dai ajin farko CI ake ce masa, kuma babu Probatoire.

A tsarin Ingilishi na Kamaru, bayan shekara shida ta firamare, yaro zai yi shekara biyar daga Form 1 zuwa Form 5, ya zauna GCE matakin farko, ya ƙara biyu ya zauna GCE babban mataki. Hukumar jarrabawar tana Buea.

Najeriya kuwa shida, uku, uku ce: firamare, ƙaramar sakandare, babbar sakandare, sai WAEC ko NECO, sannan JAMB ga mai neman jami'a. Ke nan ɗan Najeriya yana gamawa a shekara 12, ɗan Kamaru da ɗan Nijar a shekara 13. Hatta maki ya bambanta. A makarantun Kamaru da Nijar bisa 20 ake lissafi, 10 ce matakin wucewa. A Najeriya bisa 100 ne, sakamakon WAEC kuma daga A1 zuwa F9. Uban da ya ga 14 a takardar ɗansa a Yawunde kada ya ɗauki bulala, yaron ya yi ƙoƙari.

Matsayin Hausa

A Najeriya Hausa darasi ce da ake zaunawa a WAEC da NECO, ana kuma yin digiri a kanta a Jami'ar Bayero ta Kano da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya. A Nijar tun 1973 aka fara gwajin koyarwa da Hausa a Damagaram, kuma a 2025 hukumomi suka ayyana ta a matsayin harshen ƙasa. A Yawunde, yaron Briqueterie Hausa yake yi a gida da kasuwa, amma da ya shiga aji sai Faransanci ko Ingilishi. Da yawa daga cikin yaranmu ba su taɓa ganin ƙ da ɗ da ɓ a kan allo ba.

Abin da ya kamata iyaye su yi

Na farko, ku ƙirga shekarun da yaro ya yi, ku bar sunan aji. Baƙon namu ya yi shekara tara. A lissafi, Form 4 zai shiga a ɓangaren Ingilishi, ko troisième a na Faransanci. Amma troisième shekarar BEPC ce, shi kuma ko gaisuwa bai iya da Faransanci ba. Sa shi a can zalunci ne.

Na biyu, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yaron firamare yakan ɗauki sabon harshe ba da wahala sosai ba. Wanda ya yi nisa a sakandare gara a bar shi a harshen da ya fara da shi. Yawunde tana da makarantun gwamnati masu ɓangare biyu, irin su Lycée Bilingue na Essos.

Na uku, takardu. Ku riƙe takardar haihuwa da sakamakon kowane zango. A Kamaru sai da takardar haihuwa ake rajistar jarrabawar CEP, wanda ba shi da ita kuma sai an bi ta kotu, abin da ke cin lokaci da kuɗi.

Na huɗu, ku yi tunanin inda yaro zai ƙare. Mai GCE babban mataki yana iya neman shiga aji biyu na jami'a kai tsaye a Najeriya ta hanyar JAMB. Mai takardar wata ƙasa kuma sai ma'aikatar ilimi ta tantance ta kafin a karɓa. Ku tambaya tun kafin a ɗaura kaya, matambayi ba ya ɓata.

Yaron telan yanzu yana Form 4, bayan makaranta ta gwada shi. Shekara huɗu ke gabansa maimakon ukun da za su rage masa a Kano, kuma da yamma yana koyon Faransanci wurin 'yar kawunsa da ke CM2. Wuri ɗaya ne ba a nemi takardarsa ba. Ranar da aka kai shi makarantar allo ta unguwa, malamin ya tambaye shi surar da ya tsaya a Kano, ya ce ya wanke allo ya ɗora daga nan.