Yadda Ake Kawar Da Kuɗin Cizo Daga Ɗakin Haya

Kowace shekara, da zarar an gama girbi an kai amfanin gona gida, samari da magidanta da yawa sukan tafi cin rani. Wasu Kano, wasu Kaduna, wasu Abuja, wasu har Legas. A can sukan haɗa kuɗi su kama ɗakin haya, mutum uku ko biyar a ɗaki ɗaya. Sau da yawa tun daren farko suke gane cewa akwai wanda ya riga su tarewa a ɗakin, wato kuɗin cizo. Wannan ƙwaro yana hana barci, ga shi mai aikin ƙarfi ba ya iya yini a tsaye in bai runtsa ba. Abin da ya fi muni, yakan biyo mutum cikin jaka har ƙauye, ya shiga ɗakin matarsa da 'ya'yansa.

Wane Irin Ƙwaro Ne?

Kuɗin cizo, wanda a wasu wurare ake kira gazunzumi, ƙaramin ƙwaro ne ja-ja mai faɗin jiki. Babbansa bai fi ƙwayar dawa da kaɗan ba. Ba shi da fuka-fuki, ba ya tashi, ba ya tsalle, tafiya kawai yake yi. Abincinsa jini ne. Da rana yana ɓuya, da dare sai ɗumin jikin mutum da numfashinsa su jawo shi. Yakan yi minti 5 zuwa 10 yana tsotso, sannan ya koma maɓoyarsa.

Macen tana saka ƙwai kaɗan-kaɗan kusan kullum, a rayuwarta tana iya saka fiye da 200. Ƙwan fari ne, ƙanƙane, yana manne wa katako ko yadi. Yana ƙyanƙyashewa cikin kwana 6 zuwa 10. Ɗan yakan yi saɓa sau 5 kafin ya girma, kuma sai ya sha jini kafin kowace saɓa. A wuri mai ɗumi, cikin kamar mako 5 ya zama babba. Kuma babban yana iya yin watanni bai ci komai ba. Saboda haka kulle ɗaki a yi tafiyar mako biyu ba ya kashe shi.

Likitoci ba su sami shaidar cewa cizonsa yana sa wa mutum wata cuta ba, kamar yadda sauro ke kawo zazzaɓi. Amma yana jawo ƙaiƙayi, susa kuma takan zama gyambo. Idan ya yi yawa ƙwarai, yana iya rage wa ƙananan yara da tsofaffi jini.

Samun kuɗin cizo ba abin kunya ba ne. Jini yake bi, ba ruwansa da talaka ko mai kuɗi. A shekarar 2023 ya addabi mutanen birnin Faris na ƙasar Faransa, har maganar ta kai gaban gwamnati. Ɓoye shi ne ke sa ya yaɗu.

A Duba Kafin A Biya Kuɗin Haya

Rigakafi ya fi magani. Duk mai son kama ɗaki ya je da tocila, ko da rana ce. Ya haska tsagar bango, da gindin bango, da jikin ƙofa da taga, da ramukan ƙusa, da bayan kalanda ko hoto. In akwai gado ko katifa, ya duba mahaɗar katako da bakin ɗinki. Ga alamun da zai nema:

1. Ɗigo-ɗigo baƙi kamar na tawada. Wannan kashinsa ne.
2. Jirwayen jini a bango ko a katifa, inda aka murtsuke shi.
3. Ɓawon saɓarsa da fararen ƙwai.
4. Wani irin wari mai hawa kai, idan ya yi yawa.

In an ga haka, a nuna wa mai gida ko dillali tun kafin kuɗi su bar hannu. A yi magana a gaban shaida cewa za a gyara ɗakin kafin a tare, a kuma faɗi wanda zai biya kuɗin gyaran.

Idan An Riga An Tare

Babban makamin yaƙi da kuɗin cizo shi ne zafi. Zafi mai ƙarfi yana kashe babba da ƙarami har da ƙwai. A zaɓi ranar da ake ƙwalla rana, a fara tun da hantsi, a bi waɗannan matakai:

Na ɗaya, a tattara tufafi da zannuwan gado da barguna da labule a zuba cikin leda a ɗaure tun a cikin ɗaki, don kada ƙwarin su zube a hanya. A jiƙa su cikin ruwa mai zafi sosai wanda hannu ba ya iya shiga, a wanke da sabulu, a shanya a rana. In da hali a bi bakin ɗinki da dutsen guga.

Na biyu, abin da ba ya wankuwa, kamar takalmi da jaka da matashin kai, a sa a baƙar leda a ɗaure, a ajiye a tsakiyar rana yini guda. Kada a cika ledar maƙil, domin zafi ya ratsa har tsakiya. A riƙa juya ta. A lokacin hunturu rana ba ta da ƙarfi, sai a fi dogara da ruwan zafi.

Na uku, a fitar da katifa a kankare bakin ɗinkinta da burushi. A naɗe ta da baƙar leda a shimfiɗa a kan siminti, a riƙa juyawa. Shanya katifa haka kawai ba ya isa, don ƙwaron yakan gudu ɓangaren da ke da sanyi.

Na huɗu, a kwance gado a fitar da shi waje. A kwarara tafasasshen ruwa a duk mahaɗar katako da ramuka. Haka za a yi wa tabarma da benci. A kawar da yara daga wurin, kuma kada a zuba ruwa kusa da wayar lantarki.

Na biyar, a share ɗaki tas, a ƙone sharar. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, haka ma kuɗin cizo. A liƙe duk tsaga da rami da siminti, ko da yumɓu in ginin ƙasa ne, a shafa farar ƙasa.

Na shida, idan an mayar da gado a janye shi daga jikin bango. A sa kowace ƙafarsa cikin gwangwani mai ruwan sabulu. Kada zanin gado ya taɓa ƙasa.

Bayan kwana 7 zuwa 10 a sake yin aikin, domin ƙwan da ya tsira ya ƙyanƙyashe. A ci gaba da dubawa kowane mako har wata biyu.

Ƙwaron yakan ɓuya a ɗinkin gidan sauro. Wannan ba dalilin daina kwana cikinsa ba ne, domin zazzaɓin cizon sauro yana kisa. A bi ɗinkin a murtsuke ƙwarin, a wanke shi da ruwa da sabulu mara ƙarfi, a shanya a inuwa don kada maganin jikinsa ya lalace.

Hattara Da Guba

Garin neman gira kada a rasa ido. Mutane da yawa sun halaka wajen kashe kuɗin cizo da maganin da ba na ɗaki ba.

Ƙwayar da ake sa wa cikin buhun wake ko rumbu tana fitar da iska mai kisa, wadda ke ratsa tsagar bango da silin. A shekarar 2021 wata yarinya 'yar shekara 11 ta rasu a birnin Landan, bayan maƙwabciyarsu ta sa irin wannan ƙwaya a ɗakinta don kashe kuɗin cizo. Kada a kuskura a sa ta a gidan da mutane ke kwana.

Haka nan Sniper da ire-irensa maganin gona ne. A shekarar 2019 hukumar NAFDAC ta hana sayar da shi a kasuwanni da kantuna barkatai saboda yawan mace-mace. Shi ma ota-fiya-fiya da ake ɗurawa a kwalba ba takarda, ba wanda ya san ƙarfinsa. Fetur da kananzir kuwa gobara suke jawowa. Maganin sauro na kunnawa ba ya kashe kuɗin cizo.

In ya zama dole a yi feshi, a nemi shawarar duba-gari ko ma'aikacin lafiya na ƙaramar hukuma. A sayi maganin da aka yi don ɗaki, mai lambar NAFDAC, a bi umurnin da ke jikinsa. A fitar da abinci da ruwan sha da kwanuka. Yara da masu ciki da dabbobi su nisanci wurin. A fesa cikin tsaga da mahaɗar gado, ban da kan shimfiɗa. A buɗe ƙofa da taga iska ta ratsa sosai kafin a koma. A sani kuma, kuɗin cizo na yanzu ya saba da magunguna da yawa, don haka feshi kaɗai ba ya gamawa da shi.

Wanda ya shaƙi guba ya fara amai, ko zufa, ko dalalar miyau, ko numfashi da ƙyar, a fitar da shi iska a garzaya da shi asibiti tare da kwalbar maganin. Kada a tsaya ɗura masa manja ko madara.

Aikin Na Kowa Ne

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A gidan haya ƙwaron yana bin bango daga ɗaki zuwa ɗaki. Idan mutum ɗaya ya gyara nasa, na maƙwabta za su dawo masa. Sai 'yan haya su haɗu da mai gida su sa rana ɗaya, kowa ya fitar da kayansa. Mai gida ya ɗauki nauyin liƙe bango, tunda ginin nasa ne. Katifar da ta gagara gyara a yayyaga ta kafin a yar, don kada wani ya tsinta ya kai gidansa. A kuma yi hankali da tsohon gado da kujeru da kayan gwanjo, a duba su a sa su rana kafin su shiga ɗaki.

Ranar Komawa Gida

Idan damina ta matso ɗan cin rani ya dawo, kada ya wuce da jakarsa kai tsaye cikin ɗaki. Ya sauke ta a tsakar gida, a wanke tufafin da ruwan zafi, a sa jakar cikin baƙar leda a rana. Haka za a yi wa kayan ɗalibi da ya dawo hutu daga makarantar kwana, da na almajiri. Aikin yini ɗaya ne, amma zai tsare iyali daga wahalar watanni.

Wanda ya karanta wannan bayani ya daure ya karanta wa 'yan'uwa da maƙwabta, musamman masu shirin tafiya cin rani bana.