Waƙoƙin Ɗanƙwairo Na Wane Ne Yanzu?

A tashar mota ta Gusau ko kasuwar Tsafe, in ka miƙa wa mai turi wayarka, nan da nan zai cika maka ita da waƙoƙin Alhaji Musa Ɗanƙwairo, har da wadda ya yi wa 'Yandoton Tsafe. Ka biya, ya karɓa, ba wanda ya ga laifi. Amma a idon doka waƙoƙin nan suna da masu su. Ɗanƙwairo ya rasu a 1991, dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya kuwa, wadda aka sabunta a 2022, tana kare waƙa har shekara 70 bayan rasuwar mai ita. Ke nan sai ƙarshen 2061 za su zama na kowa. Shi kuma faifan da aka naɗa lissafinsa daban ne, shekara 50, kuma galibi wanda ya ɗauki nauyin naɗin shi ke da shi.

Irin wannan lissafi ne aikin masanin dokar mallakar fasaha. Fannin bai tsaya ga waƙa da littafi da fim ba. Akwai rajistar sabuwar ƙirƙira, wadda dokar 1970 ta ba kariyar shekara 20, akwai kuma tambarin kasuwanci a ƙarƙashin dokar 1965, da ake yi wa rajistar shekara 7 sannan a riƙa sabuntawa duk bayan 14. A digirin farko ɗanɗano kawai ɗalibin lauya yake yi. Sai a digiri na biyu yake zama ya zaɓi matsala guda ya rubuta kundi a kanta. Mai son haka zai iya karkata bincikensa can a jami'o'in Zariya, Kano ko Sakkwato. A Jami'ar Afirka da ke Mutare a Zimbabuwe kuwa, tun 2008 ake ba da digiri na biyu a wannan fanni zalla, da haɗin gwiwar hukumar mallakar fasaha ta duniya, WIPO, kuma ba lauyoyi kaɗai ake ɗauka ba.

Da yawa na ɗaukar karatun nan na mutanen Legas ne. A ganina mu ne muka fi bukatarsa, domin matsalolinmu ba su cikin littattafan da aka rubuta a Ingila. Dokar Bature ta ginu ne a kan mutum guda da alƙalaminsa. To, makaɗin fada fa? Shi ke jagora, amma 'yan amshi sukan yi ƙari, wani ɗan waƙar ma daga bakinsu ya fito. Abokan ƙirƙira ne, ko ma'aikata? Makaɗi Salihu Jankiɗi, haifaffen Rawayya a ƙasar Bunguɗu, gadon kiɗan ya yi; ina iyakar abin da ya gada da abin da ya ƙago? Dokar 2022 ta ware wa al'adun gargajiya kariya ta musamman a hannun Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka, amma wanda bai san bambancin taushi da kotso ba yaya zai ja wannan iyaka?

Sai batun gado, wanda ya fi ɗaure kai a Zamfara, jihar da ta ƙaddamar da Shari'a tun 1999. Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait a 1988, ta yanke cewa haƙƙin wallafa da na ƙirƙira haƙƙi ne da Shari'a ke karewa. In dukiya ce, ta shiga rabon gado. Sai dai rikicin mallakar fasaha hurumin Babbar Kotun Tarayya ne, mai reshe a Gusau, rabon gado kuma yana gaban alƙalin Shari'a. Magada na bukatar wanda ya san ƙofofin biyu.

Maƙwabtanmu ma sun riga mu wani wajen. Nijar ta yi wa albasar Galmi da kilishinta rajistar sunan asali a ƙungiyar mallakar fasaha ta OAPI mai mazauni a Yawunde, don kada wani ya sayar da nasa da sunansu. Najeriya ba ta cikin wannan ƙungiya, saboda haka duk mai son kare sunan wani abin ƙasar Zamfara sai ya lalubo hanyarsa a cikin dokokinmu na gida.