Fara a Damargu, fara a Masar: Me ya sa azaba ta sauka kan Fir'auna?

Manoman Ollelewa da ke yankin Tanut a jihar Damagaram sun san ɓarnar fara. A 2004 ta haɗu da fari ta lalata gero a Nijar, yunwa ta biyo baya a 2005.

Fara na cikin bala'o'i biyar da aya ta 133 ta Suratul A'araf ta lissafa kan mutanen Fir'auna, tare da ambaliya, ƙwarƙwata, kwaɗi da jini. Gargaɗi ne domin su saki Bani Isra'ila da suka bautar. Duk lokacin da masifa ta sauka sai su roƙi Annabi Musa (AS) ya yi addu'a, su yi alkawarin sakin mutanensa. Da ta yaye, sai su saɓa. Bayan uzuri ya ƙare ne teku ya haɗiye su.

Batun bauta bai yi nisa da mu ba. Sai a 2003 Nijar ta sanya bautarwa cikin laifukan da ake hukuntawa. A 2008 kotun CEDEAO ta ba Hadijatou Mani, wadda aka sayar tana da shekara 12, diyyar jaka dubu 10 na sefa, wato miliyan 10.

Manomin da fara ta cinye wa gona jarrabawa ce ta same shi. Wanda ya mayar da ɗan'adam dukiyarsa, shi ne ƙissar ke ja wa kunne.