Faɗaɗa Sufurin Bas a Jihar Yuta ta Amurka: Haraji, Addini da Amincewar Jama'a

1.0 Gabatarwa

Masu nazarin tsarin birane sun daɗe suna ɗauka cewa sufurin gwamnati ba ya bunƙasa a inda masu ra'ayin riƙau suka fi rinjaye, domin irin waɗannan mutane ba sa son ƙarin haraji, kuma sun fi yarda da motar da mutum ya saya da guminsa. A wannan maƙala za mu dubi wani wuri da ya yi wa wannan zato gardama, watau Jihar Yuta da ke yammacin Amurka, cibiyar mabiya ɗariƙar Kirista da aka fi sani da Mormon. Rabon da jihar ta zaɓi ɗan takarar shugaban ƙasa na jam'iyyar Dimokurat tun 1964. Duk da haka jama'arta sun sha kaɗa ƙuri'ar ƙara wa kansu haraji domin bas da jirgin ƙasa, sun kuma sha ƙin yin haka. Abin da muke son ganowa shi ne dalilin yarda da dalilin ƙi.

2.0 Yanayin ƙasa da tarihi

Ƙidayar 2020 ta nuna mutanen Yuta sun kai wajen miliyan 3.27, kuma babu jihar da ta kai ta saurin ƙaruwa a shekaru goman da suka gabaci ƙidayar. Kimanin kashi 80 cikin ɗari na waɗannan mutane suna zaune ne a wani siririn zirin ƙasa da ya miƙe daga Ogden a arewa, ya ratsa Salt Lake City, ya kai Provo a kudu. Duwatsun Wasatch sun tokare shi ta gabas, tafkuna biyu da wasu duwatsun sun tokare shi ta yamma. Gari ba shi da inda zai fantsama sai dai ya yi tsawo, kuma wurin da mutane suka jeru a layi ɗaya shi ne ya fi daɗin aiki ga mai tsara hanyar bas.

Wannan kwari yana da wata illa. Da hunturu iska mai ɗumi takan danne mai sanyi a ƙasa, sai hayaƙin motoci ya taru ya yi kwanaki bai gushe ba, har duwatsun su ɓace wa mai kallo. Uwar da ɗanta ke fama da asma ba ta bukatar wani masani ya gamsar da ita cewa motoci sun yi yawa.

Mormon sun iso kwarin a 1847 ƙarƙashin jagorancin Brigham Young. Suka yanka birnin gida-gida kamar dara, tituna a miƙe, faɗin kowane ƙafa 132. An ce wai don amalanken shanu ya iya juyawa ba tare da wahala ba. Wannan faɗi ya zama gado mai amfani, don ana iya ware wa bas layinsa a tsakiyar titi ba a rushe gidan kowa ba. Sai dai kuma yakan wahalar da mai tafiya a ƙasa, wanda dole ya tsallaka wannan sarari kafin ya isa tasha.

3.0 Yadda ake samun kuɗin

An kafa hukumar sufuri ta jihar, wadda ake taƙaita sunanta da UTA, a 1970, lokacin da kamfanin da ke gudanar da bas a Salt Lake City ya kasa riƙe kansa. Tun daga tsakiyar shekarun 1970 babban abin dogaronta shi ne wani ɗan haraji da ake ɗorawa a kan sayayya, da farko kwatan senti ɗaya a kan kowace dala, wanda a da kowace gunduma kan amince da shi ta hanyar ƙuri'ar raba gardama. Wannan tsari yana da muhimmanci ga bayaninmu, domin yana nufin a wancan lokaci ba a iya faɗaɗa aikin sai an koma wajen masu biyan harajin an nemi izininsu.

A 1992 mutanen gundumar Salt Lake suka ƙi amincewa da ƙarin haraji don gina ƙaramin jirgin ƙasa na cikin gari. Hukumar ta nemo tallafin gwamnatin tarayya ta gina shi, aka buɗe shi a Disamban 1999 da sunan TRAX. Da mutane suka ga abin da idonsu suka kuma hau, sai gundumomin Salt Lake da Davis da Weber suka amince da ƙarin haraji a 2000. Aka sake yin wani ƙarin a 2006, wannan karon har da gundumar da Provo take, wadda tana cikin mafiya tsananin riƙau a faɗin ƙasar.

Me ya canza tsakanin 1992 da 2000? Gasar Olamfik ta hunturu da birnin ya karɓi baƙuncinta a 2002 ta taimaka, amma a ganinmu abin da ya fi tasiri shi ne sauyin harshen da ake magana da shi. A 1997 aka kafa wata ƙungiya mai suna Envision Utah, wadda ta haɗa 'yan kasuwa da 'yan siyasa da shugabannin al'umma, tare da goyon bayan Gwamna Mike Leavitt na jam'iyyar Rifablikan. Ƙungiyar ba ta shiga jayayyar aƙida ba. Ta riƙa tara mutane a gaban taswira tana tambayarsu inda 'ya'yansu da jikokinsu za su zauna nan gaba. Tambayar ta dace da wurin, domin Mormon mutane ne masu son yawan iyali, kuma a wancan zamani mafi yawan ƙaruwar jama'ar jihar daga haihuwa take. Uban da ke son ɗansa ya yi aure ya zauna kusa da shi ya fara ganin cunkoson titi da tsadar fili a matsayin matsalar gidansa.

4.0 Ina addini ya shigo?

Ya kamata a yi hattara a nan. Cocin ba shi ne ke tsara hanyoyin bas ba, kuma tasirinsa a fakaice yake zuwa. Al'ummar da ta haƙa magudanan ban ruwa da aikin gayya a cikin busasshiyar ƙasa, take fid da ushiri daga abin da ta samu, ta kuma kafa nata tsarin taimakon mabukata tun 1936, ba baƙuwa ba ce ga haɗa kuɗi don amfanin kowa. Abin da take ƙyama shi ne umarni daga nesa da almubazzaranci. Har ila yau, dubban samarinta da 'yan matanta kan tafi wa'azi na shekara ɗaya da rabi ko biyu a biranen duniya, inda da yawansu ke rayuwa da bas da jirgin ƙasa, su dawo gida ba sa ɗaukar hawa bas abin kunya.

Ta wani ɓangaren kuma al'adar tana taƙaita aikin. Lahadi ranar hutu ce da ake girmamawa, majami'u kuma na unguwa-unguwa ne, sau da yawa ana iya zuwa da ƙafa. Saboda haka zirga-zirgar bas ta Lahadi ba ta kai ta sauran ranaku ba, kuma wanda ke ɗanɗana kuɗarsa shi ne ma'aikacin asibiti ko na otal da ba ya hutun Lahadi. Iyali mai 'ya'ya biyar ko shida kuwa, ko bas na wucewa ta ƙofar gidansu, da wuya su rabu da babbar mota.

5.0 Faɗuwar 2015 da komawa ga bas

A 2015 aka sake neman ƙarin kwatan senti, wanda za a raba tsakanin gyaran tituna da ƙara yawan bas. Gundumomin Davis da Weber suka amince, amma Salt Lake da gundumar Provo suka ƙi. Shekara guda kafin haka binciken majalisar dokokin jihar ya soki hukumar a kan tsokar albashin manyanta da wasu yarjejeniyoyin filaye da ta ƙulla da magina. Ga kuma ɗimbin bashin gina layukan jirgi, wanda ya sa aka rage zirga-zirgar bas a wasu unguwanni. Mutanen da suka yarda sau biyu a baya ba su sauya aƙida ba, amana ce suka ga an taɓa. A 2018 majalisar ta rushe kwamitin mutum 16 da ke jagorancin hukumar, ta maye gurbinsa da mutum uku masu aikin cikakken lokaci.

A watan Agustan shekarar nan ta 2018 aka buɗe layin bas mai sauri, UVX, tsakanin Orem da Provo, tsawon mil goma da 'yan kai. Wasu mazauna sun yi ƙoƙarin tsayar da aikin ta hanyar neman ƙuri'ar raba gardama, ba su yi nasara ba. Layin ya haɗa manyan jami'o'i biyu, Utah Valley da Brigham Young wadda cocin ya mallaka, da tashoshin jirgin FrontRunner. Basukan suna da layinsu na kansu a wani sashe na hanyar, suna zuwa a kai a kai ta yadda fasinja ba ya bukatar duba jadawali, kuma a shekarun farko kyauta ake hawa. Jami'o'in biyu sun kuma biya hukumar don ɗalibai da ma'aikatansu su riƙa hawa ba tare da biya ba, abin da ya fi musu sauƙi a kan ci gaba da gina wuraren ajiye motoci. Layin ya cika da fasinja tun watannin farko.

Aka bi wannan sawu a wasu wuraren. A 2019 birnin Salt Lake ya zuba kuɗinsa don basukan wasu manyan tituna su riƙa zuwa duk minti 15, su kuma yi aiki har dare da Lahadi. A 2023 Ogden ya samu nasa layin, OGX, mai basukan lantarki, wanda ya haɗa tsakiyar gari da Jami'ar Weber State da wani babban asibiti. Can arewa kuma, a garin Logan da ba ya ƙarƙashin UTA, tun 1992 ake hawa bas kyauta.

Ba kowane yunƙuri ne ya ɗore ba. Layin bas mai sauri na farko, MAX, da aka buɗe a 2008 a yammacin kwarin Salt Lake, an dakatar da shi daga baya. A 2022 ƙarancin direbobi ya tilasta rage basukan da ke kai masu wasan ƙanƙara kan duwatsu. A Yulin 2024 aka sake ba Salt Lake City baƙuncin Olamfik ta hunturu ta 2034, kuma mai yiwuwa hankali ya sake karkata ga manyan ayyukan da ake yanka wa kyalle ranar buɗewa. Abin da ya cancanci masu bincike su sa wa ido a waɗannan shekaru shi ne kason da zai rage wa albashin direba da bas ɗin unguwa, musamman a yammacin Salt Lake City inda baƙin haure da masu ƙaramin ƙarfi suka fi yawa.