Gyaran Tsofaffin Makarantu a Arewacin Kaduna: Daga Ina Kuɗin Yake Fitowa?

Ko wace shekara, da zarar hadarin farko ya haɗo a watan Afirilu ko Mayu, iskar da ke gabansa takan yaye rufin waɗansu azuzuwa a unguwannin da ke arewa da Kogin Kaduna. Kashegari iyaye su rako 'ya'yansu su tarar da kwano a ƙasa, sai tambaya ta tashi: wa zai gyara, kuma da kuɗin wa? An shirya wannan ɗan littafi ne domin jama'a su san hanyoyin da kuɗin ginin makarantun Gwamnati yake bi, da sharuɗɗan ko wace hanya, da kuma abin da ya rage a wuyansu.

YADDA GINE-GINEN SUKA TSUFA

Kaduna ta zama hedkwatar Arewa a 1917, tun daga lokacin kuwa ake ta kafa makarantu a cikinta. Kwalejin Katsina ta dawo nan a 1938, ta zauna har 1949, sa'an nan aka mai da ita Zariya, inda ake kiranta Barewa a yau. Waɗansu makarantun ba Gwamnati ce ta gina su ba. Kwalejin Rimi 'yan Mishan ne suka kafa ta da sunan St. John's, Kwalejin Tunawa da Sardauna kuwa da farko sunanta Kwalejin Sheikh Sabah. A farkon shekarun 1970 Gwamnati ta karɓi irin waɗannan makarantu, watau ta gaji gininsu, ta kuma gaji nauyin gyaransu.

A 1976 aka buɗe shirin ba da ilmin firamare kyauta ga kowa, wanda aka sani da U.P.E. Yara suka yi ta kwarara, aka gina azuzuwa masu yawa cikin gaggawa. Waɗannan azuzuwa yanzu sun kai shekara hamsin ko kusa da haka. Garin kuma ya bunƙasa ƙwarai. Kawo, da Unguwar Shanu, da Badarawa, da Tudun Wada, da Rigasa duk sun cika sun batse. Da Gwamnatin Jiha ta fara ciyar da 'yan firamare a 2016, yara sun daɗa ƙaruwa, har ajin da aka yi domin yara arba'in ya ɗauki ninkin haka ko fiye.

Gini ba ya lalacewa rana ɗaya. Ƙusa ce takan fara cirewa, kwano ya ɗaga, ruwa ya sami hanya. Ruwan ya jiƙa katako, gara ta bi shi, silin ya rufto. Daga nan ruwa ya sauka cikin bango, bulo ya yi laushi, bango ya tsage, daɓe ya farfashe. Abin da kafinta ɗaya zai gama cikin yini guda, in an bar shi damina uku sai ya zama aikin ɗan kwangila.

TSARIN DA, DA NA YANZU

A zamanin tsohuwar Jihar Arewa, da yawa daga cikin makarantun elemantare na En'e ne. Daga Baitulmali ake gina su, da kuɗin haraji da jangali, Gwamnati kuma tana ƙara gudummawa. Makarantun Mishan da na ƙungiyoyi su ma suna samun taimakon Gwamnati in sun cika sharuɗɗa. A 1979 Gwamna Abdulƙadir Balarabe Musa ya soke haraji da jangali a Jihar Kaduna. Yau mafi yawan kuɗin da ake ginin makaranta da shi daga rabon arzikin ƙasa yake zuwa, da kuma kuɗin shiga da Jiha take tarawa da kanta.

Wajibi ne kuma a san cewa makarantun arewacin kogi ba a ƙarƙashin hukuma ɗaya suke ba. Kawo da Unguwar Rimi suna cikin Ƙaramar Hukumar Kaduna ta Arewa. Tudun Wada tana cikin Kaduna ta Kudu, ko da yake tana wannan ƙetaren. Rigasa kuwa a Igabi take. Ko wace Ƙaramar Hukuma tana da Sakataren Ilmi, shi ne ƙofar farko ta kai kukan makarantar firamare. Manyan makarantun sakandare kuma Ma'aikatar Ilmi ta Jiha ce take da alhakinsu.

HANYOYIN SAMUN KUƊI

Hanya ta farko ita ce kasafin kuɗin Jiha. Ko wace shekara Gwamna yakan kai kasafi gaban Majalisar Dokoki, a cikinsa akwai kuɗin ayyukan yau da kullum kamar albashi, akwai kuma na manyan ayyuka kamar gini. To, amma rubuta kuɗi a kasafi daban, sakinsa daban. In kuɗin shiga ya gaza, albashi ba ya jira, saboda haka gini ne yakan jira.

Hanya ta biyu ita ce asusun ilmin bai-ɗaya na Tarayya. An ƙaddamar da shirin U.B.E. a Sakkwato a 1999, aka yi masa doka a 2004. Shirin ya ƙunshi shekara tara, watau shida na firamare da uku na ƙaramar sakandare. Dokar ta ce a ware aƙalla kashi 2 cikin 100 na babban asusun Gwamnatin Tarayya domin wannan aiki, hukumar UBEC ce take riƙe da shi. Bisa tsarin da aka yi shekaru ana bi, rabin wannan kuɗi ana raba shi daidai wa daida tsakanin jihohi domin gini da kayan aiki. Amma akwai sharaɗi: Jiha ba za ta karɓi nata ba sai ta ajiye kwatankwacinsa daga aljihunta, ta kuma kawo tsarin ayyukan da za ta yi ta hannun hukumarta ta SUBEB. Naira ɗaya ta Jiha ita ke janyo naira ɗaya ta Tarayya. Saboda wannan sharaɗi, an sha samun shekarun da biliyoyin naira suka kwanta a Abuja domin waɗansu jihohi ba su kawo nasu kason ba, alhali kuwa yara suna zaune a ƙasa.

Akwai wata hanya da ta taɓa taimakawa amma an rufe ta. A 1993 aka sa wa kamfanoni harajin ilmi, kashi 2 cikin 100 na ribarsu, asusun kuma ya gina azuzuwa a firamare da sakandare da manyan makarantu. A 2011 aka sake dokar, aka mai da shi TETFund, ya koma na jami'o'i da kwalejojin ilmi da na fasaha kaɗai. Wanda ya ga tambarin tsohon asusun a jikin wani aji kada ya zaci har yanzu ana iya neman gyara daga can.

Hanya ta uku ita ce taimako da rance daga waje. Daga 2008 zuwa 2017 Gwamnatin Ingila ta ɗauki nauyin shirin ESSPIN a jihohi shida, har da Kaduna, shirin kuwa ya ƙarfafa kwamitocin kula da makarantu. A 2020 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 500 domin shirin AGILE na ilmin 'yan mata a jihohi bakwai, Kaduna tana cikinsu. A ƙarƙashinsa an tanadi gina sababbin azuzuwan sakandare, da ba kwamitocin makarantu kuɗi hannu da hannu domin gyara. Sai dai a lura, kuɗin Bankin Duniya rance ne mai sauƙin ruwa, ba kyauta ba. Yaran da ke zaune cikin azuzuwan yau suna cikin waɗanda za su biya shi in sun girma.

Hanya ta huɗu ita ce gudummawar jama'a: ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai, da na iyaye da malamai, da attajirai, da ayyukan mazaɓu na 'yan Majalisa. Wannan hanya tana da amfani ƙwarai wajen rijiyar burtsatse, da benci, da makewayi, amma ba ta da tabbas, gama ba doka ce ta ɗora ta a kan kowa ba.

GYARA KO SABON GINI?

Kafin a kashe ko kwabo, injiniya ne ya kamata ya duba ginin. In harsashi da bango suna da ƙarfi, a sake rufi da tagogi da daɓe, wannan ya fi araha nesa ba kusa ba. In kuwa harsashi ya nutse, ko bango ya tsage daga sama har ƙasa, fenti da sabon kwano asarar kuɗi ce, kuma haɗari ne ga rayukan yara. Irin wannan sai a rushe shi a sake.

A tsakiyar gari akwai wata matsala ta dabam, watau ƙarancin fili. Waɗansu makarantu an ci iyakarsu da gidaje da shaguna, shi ya sa a 2015 Gwamnatin Jiha ta tashi ƙwato filayen makarantu. Inda ba sauran fili, dabarar da ta rage ita ce a hau sama, kamar yadda aka yi a makarantar firamare ta titin Lokoja a Rigasa, wadda ta yi suna wajen yawan yara, aka gina mata benaye. Bene yana ɗaukar yara da yawa a fili kaɗan, amma yana cin ƙarfe da siminti, yana kuma bukatar sa ido sosai lokacin aikin.

Jinkiri shi ma yana cin kuɗi. Bayan janye tallafin man fetur da faɗuwar darajar naira a 2023, farashin siminti da rodi da kwano ya hau ƙwarai. Kuɗin da aka ƙiyasta wa aji shida, in ya makara shekara guda, ba lalle ne ya gama su ba. Wannan yana cikin dalilan da akan ga gini ya kai linta ya tsaya.

ABIN DA YA RAGE GA JAMA'A

Mai karatu zai lura da abu ɗaya. Hanyoyin nan duka sun fi karkata ga babban aiki, wanda ake kafa masa allo a yi bikin buɗewa. Ƙaramin gyara na yau da kullum, irin su ƙusa, da indararo, da maganin gara, da share magudana, shi ne ba shi da mai ɗauka sosai, alhali kuwa shi ne yake tsawaita ran gini. Wannan gurbi kwamitin kula da makaranta ne ya fi dacewa ya tsare shi. A cikin kwamitin akwai mai unguwa, da hedimasta, da wakilan iyaye maza da mata, da malaman addini, da masu sana'a, da tsofaffin ɗalibai.

Ga abin da ake bukata daga ko wane kwamiti. Na ɗaya, ya zaga makaranta sau biyu a shekara, a watan Maris kafin ruwa ya sauka, da watan Nuwamba bayan ya ɗauke, ya rubuta duk abin da ya lalace. Na biyu, ya aika da takardar ga Sakataren Ilmi da wuri, tun kafin a rufe kasafin shekara mai zuwa, ya kuma ajiye kwafi. Na uku, in an ba da kwangila, ya nemi sanin sunan ɗan kwangila, da abin da aka ce ya yi, da ranar gamawa. Na huɗu, in ya ga bulo yana marmashewa a hannu, ko katako ɗanye ne, ya kai rahoto kafin a rufa, gama bayan an shafe bango ba mai ganin abin da ke ciki. Na biyar, duk kuɗin da ya shigo hannunsa ya bayyana shi a taron iyaye, da rasit.

Hausawa sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Tarayya tana da kasonta, Jiha tana da nata, Ƙaramar Hukuma tana da nata. Mutanen unguwa kuwa su ne suke kwana su tashi kusa da makarantar, su ne za su fara ganin kwanon da ya ɗaga. In sun faɗa da wuri, kuɗin da za a kashe wajen sake aji ɗaya zai isa a gyara da yawa, yaran Kawo da Tudun Wada da Rigasa kuma su yi karatun damina a inuwa.