Kafin baki ya buɗe: yadda ƙananan yara ke isar da saƙo

A Ɗan Barto, garin da ke kudu da Matamaye kan iyaka da Najeriya, iyaye mata kan ce wane "bakinsa bai buɗe ba tukuna". Sai dai masana lafiyar yara na cewa yaro kan fara zance tun kafin kalmar farko ta fito, kuma amsar da mutanen gida ke ba shi ita ce ke buɗe bakin.

Kuka ne harshen farko. Uwa kan bambanta kukan yunwa da na barci da na ciwo. Wajen wata 6 sai gwaranci ya shigo: ba-ba-ba, da-da-da. Tsakanin wata 9 da 12 yaro na fara nuni da yatsa, ya ɗaga hannuwa a ɗauke shi, ya kau da kai in bai son koko. Nunin nan babban mataki ne. Yaron da ke goye ya nuna babbar motar da ta nufi Kwangwalam, sannan ya leƙo fuskar uwarsa, cewa yake: "Kin ga abin da na gani?"

Kalmar farko kan zo wajen shekara guda, kuma ita kaɗai ke ɗaukar jimla. In ya ce "nono", yana iya nufin a ba shi, ko ya zube, ko ga mai tallar nono can. Murya da hannu ne ke fayyace ma'ana. Yakan kuma faɗaɗa kalma, duk mai ƙafa huɗu ya zama "akuya", har da jaki. Baƙaƙe irin su r da ƙ da ts kan yi wuya, shi ya sa "ruwa" ke komawa "uwa". Wajen shekara 2, lokacin yaye, yawancin yara na da kalmomi kamar 50 ko fiye, suna kuma haɗa biyu: "baba tafi", "ba ni". A nan ne birgima ke yawa, saboda abin da yaro ke fahimta ya zarce abin da bakinsa ke iya faɗa.

Abin da ke taimaka masa ba ya cin ko dala. In ya ce "mota", a ce masa "Eh, mota ce babba, ta ɗauko buhuna." A riƙa ambatar sunan abin da ake yi, wajen daka ko wanka, a kuma dakata ya mayar da nasa. Kaka da yayye da goyo duk makaranta ce. Yaron da ke jin Hausa da Fulatanci, ko Hausa da Faransanci, ba ya rikicewa; yana iya gauraya su da farko, daga baya ya raba. Salula kuwa ba ta amsa wa yaro. A 2019 hukumar lafiya ta duniya OMS ta ba da shawarar kada a zaunar da yaron da bai kai shekara 2 ba gaban allon waya ko talabijin, ƴan shekara 2 zuwa 4 kuma kada su wuce awa guda a rana.

Yara ba sa tafiya daidai, amma akwai alamun da ba a yi musu jira: jariri bai firgita da ƙara ba, ya shekara bai waiwaya in an kira sunansa, ya kai wata 18 babu nuni babu kalma, ko ya daina faɗin abin da ya iya. Sau da yawa matsalar a kunne take. Kunne mai fitar da mugunya da ƙyanda da sanƙarau, wanda ya addabi jihar Damagaram a ƙarshen 2022 da farkon 2023, duk suna iya rage ji. Tamowa ma na jinkirta magana.

Tun 2006 gwamnatin Nijar ta ayyana kula da lafiyar yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta a gidajen likita na gwamnati. Ranar awo ko rigakafi dama ce ta faɗa wa ma'aikacin lafiya abin da aka lura, domin a duba kunnen tun da wuri. In kuma ta tabbata yaro kurma ne, sai a fara masa maganar hannu nan take, tun yana shekarun da harshe ya fi saurin kama ƙwaƙwalwa.